Kowa na zancen makaɗa, ba mai tambayar mai gonar

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki ya fama da jama'a, Allah Ya ƙara basira. Ni tsohon malamin gona ne, na shafe shekara talatin da ɗoriya a kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan ina ta musu da manoma akan tazarar shuka da lokacin zuba taki, yanzu kam na ajiye, abinda ya rage min 'yan shanu ne da basu kai a kira su garke ba sai kuma waya a hannu, kuma kasan ɗan fansho in ya samu data ba inda baya leƙawa.

Abinda yasa na rubuto, kwanaki a shafinku na nishaɗi an taɓo zancen manyan casun da Turawa suka riƙa yi a cikin gonaki shekarun baya, irin su Woodstock, aka jero sunayen mawaƙa da wanda yafi wani iya jita da yawan jama'ar da ta taru. Rubutun yayi kyau ba laifi, amma na bi shi tun daga sama har ƙasa ban ga inda aka ce uffan akan mai gonar ba. Ni kuma wallahi in na kalli hotunan nan idona ƙasa yake zuwa. Mutum dubu ɗari huɗu a kan ciyawar wani bawan Allah, ga ruwan sama ana tafkawa, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya yasan me hakan ke nufi. Shine nace bari in ɗan cike wannan gurbin in za'a bani fili.

Ga wanda bai san kiɗan ba, rok suke ce masa, jita ce mai lantarki da ganguna da lasifikoki jibga-jibga, wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan jitar Agadez a biki to ya ji ɗan'uwansa. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 kiɗan nan ya haukata matasan Amurka da Ingila har ya zamana babu zauren da zai ɗauke su, cikin gari kuma ga tsada ga 'yan sanda ga maƙwabta, sai dabara ta zo a fita ƙauye. A nemi manomi mai fili mai ɗan gangare, a kafa dandamali a can ƙasa, jama'a su bazu a kan tudu kowa na hangowa, ba kujera ba rumfa, kwana biyu ko uku a wajen ake kwana a wajen ake tashi. Wasu manya ne da duniya ta sani, da yawa kuma 'yan ƙanana ne na samarin yanki, a jawo bayan tirela a mayar da shi dandamali a kunna janareta shikenan an fara.

Bari in fara da babban. Abin dariya ma shi Woodstock ɗin ba'a garin Woodstock akayi shi ba, sunan ne kawai ya bi shi. Da farko a wani gari Wallkill aka shirya yi a jihar New York, mutanen garin suka ce basu san zancen ba, hukumar garin ta hana a tsakiyar Yulin 1969, saura wata guda cif, ga tikiti an riga an sayar. Cikin wannan ruɗanin ne masu shirya abin, samari huɗu 'yan birni, suka faɗa hannun wani mai kiwon shanun madara a ƙauyen Bethel, sunansa Max Yasgur, shekararsa 49 a lokacin. Kuma ba ƙaramin manomi bane, gonarsa eka 600, shanu wajen 650, a duk gundumar Sullivan ba wanda ya kai shi fitar da madara. Dattijo ne mai ra'ayin 'yan mazan jiya, ɗan jam'iyyar Rifablikan, yana goyon bayan yaƙin Biyetnam ɗin da yaran ke zagi a waƙoƙinsu, ga ciwon zuciya yana fama da shi. Ba abinda ya haɗa shi da waɗannan yara masu barin suma har kafaɗa. Ya dai karɓi kuɗin haya mai kauri ya basu filin da yake shuka ciyawar shanu, wadda suke yankawa su adana saboda hunturu kamar yadda mu muke tara harawa da karmami.

An faɗa wa hukumar Bethel cewa mutanen da zasu zo ba zasu wuce dubu 50 ba. Tikitin kwana uku dala 18 ne in ka saya da wuri, an sayar da wajen dubu 186 tun kafin ranar, kaga tun anan ma lissafin da aka basu ba gaskiya bane. Ranar 15 ga Agusta 1969 da aka fara, shingen ma ba'a gama kafawa ba balle ɗakin yankan tikiti, jama'a suka yi ta kwarara kamar fari, dole aka ce to kowa ya shiga kyauta. Hanyoyi suka toshe, mutane suka riƙa yasar da motoci a tsakiyar titi suna takawa a ƙafa, su kansu mawaƙan sai da jirgi mai saukar ungulu aka riƙa shigo da su, gunduma ta ayyana dokar ta-ɓaci, gwamnan jihar Nelson Rockefeller har ya so ya tura dakaru aka lallashe shi. Abinci ya ƙare, matan garuruwan kusa ne suka riƙa haɗa burodi ana kaiwa. Aka yi ta yi har safiyar Litinin 18 ga wata da shahararren mai jita Jimi Hendrix ya rufe taro, lokacin ma yawancin mutane sun watse sun bar tabarmi da barguna da takalma cikin caɓi.

To duk wannan an sha faɗa. Abinda ba'a cika faɗa ba shine tun kafin a buga ganga ɗaya maƙwabtan Yasgur suka kafa allo a bakin hanya suna kiran mutane a daina sayen madararsa. Mutumin da suka tashi tare, suke haɗuwa a kanti ɗaya. Ance wannan allon ne ma ya ƙara masa taurin kai, ya tsaya gaban hukumar gari yace shima baya son sumar yaran nan kuma baya son abinda suke faɗa akan gwamnati amma ba za'a kore su don shigarsu ba. Sannan da taron ya cika yaji wasu mutanen yankin na sayar wa yara ruwan sha, ransa ya ɓaci, ya sa aka kwaso kwalaben madararsa aka cika da ruwa ana rabawa kyauta, ya rubuta a jikin rumbunsa cewa ga ruwa nan ba ko sisi. Ni anan mutumin ya shiga raina, don ko a wajenmu wanda ya sayar wa baƙo mai ƙishi ruwan rijiya an san sunan da ake kiransa da shi. A rana ta uku aka hau da shi dandamali, ya buɗe baki yace shi manomi ne, ko mutum ashirin bai iya yi wa jawabi ba balle wannan taro.

Kar wani ya ɗauka ina yabon abinda akayi a wajen ne. Shaye-shaye anyi, tsiraici anyi, abubuwan da ni da kai ba zamu so ɗanmu ya je kusa ba, kuma an rasa rayuka. Wanda yafi tsaya min a rai wani yaro ne ɗan shekara 17 da ya shige jakar barcinsa a wata gonar ciyawa nan kusa, tarakta ta zo ta bi ta kansa direban bai ma san da mutum a wajen ba. Gona ai ba masauki bace, wajen aiki ne, injinan cikinta basu san anyi baƙi ba.

Bayan an watse fa? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Samarin birni suka koma birni da bashin sama da dala miliyan ɗaya a wuya, amma su fim ɗin da aka ɗauka a wajen ya fito a 1970 ya yi kasuwa ya taimaka musu suka fita. Ƙararraki kusan 80 aka shigar akan kamfaninsu, yawanci manoman yankin ne da aka tattake wa amfani aka karya wa shinge aka hana motar madara zuwa ɗauka. Shi kansa Yasgur a Janairun 1970 maƙwabtansa suka maka shi a kotu saboda ɓarnar da baƙinsa suka yi musu. Gonarsa ta lalace sosai har sai da aka biya shi diyyar dala dubu 50. Kantin garin da yake zuwa aka daina yi masa maraba. Shugaban hukumar garin da ya yarda akayi taron ya sha ƙasa a zaɓen Nuwamban 1969 da 'yar tazara kaɗan, sannan garin da jihar suka kafa dokokin taron jama'a don kar a sake. Da aka dawo masa a 1970 a ƙara yin wani yace a'a shi ya koma kan shanunsa. A 1971 ya sayar da gonar ya koma Florida, a Fabrairun 1973 zuciyar ta buga ya rasu yana da shekara 53. Mujallar kiɗa ta Rolling Stone ta bashi shafi guda cur na ta'aziyya, abinda ba kasafai take yi wa wanda ba mawaƙi ba, to amma shafin mujalla ai baya tatsuwa.

Akwai wani abu da ya bani dariya har na tsaya na karanta wa uwargida. Shekaru bayan nan mutane basu daina zuwa ziyara filin ba duk Agusta, masu wajen na lokacin suka gaji, suka bi suka watsa kashin kaji ko'ina don wari ya kore su. Nace oh, kashin kajin da mu muke bin gidajen kaji da buhu muna saye da kuɗinmu shine can ya zama maganin baƙi. Yanzu dai wajen ya zama cibiyar wasanni ta Bethel Woods da aka buɗe a 2006, harda gidan tarihi a 2008, a 2017 gwamnati ta sa filin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Jikokin masu allon kar a sayi madara suna cin arzikin 'yan yawon buɗe ido.

Bari in ɗan yi aikina na malamin gona anan, don masu kallon hoton caɓin nan suna ganin wasa ne, yara na sulu a laka suna dariya. Ƙasar noma ba dunƙule take ba, tana da 'yan ƙofofi da iska da ruwa ke bi, tana da hanyoyin da tana ta haƙa da na tsofaffin saiwoyi. In aka tattake ta tana bushe da sauƙi, amma in tana jiƙe ƙafa dubbai suka bi ta kai harda motoci, duk ƙofofin nan rufewa suke, ta daskare kamar daɓen ɗaki, ruwa ya daina shiga sai dai ya kwanta ko ya gudu da ƙasar sama, saiwa ta kasa hudawa. Kafin ta dawo sai an fasa ta da garma mai zurfi an sake shuka ciyawa an jira, wani lokaci damina ɗaya bata isa. Mu ai kakanninmu sun san wannan shi yasa kalankuwa da dambe sai da kaka ake yi, an girbe an kai gida, ƙasa ta bushe, ba abinda za'a taka sai kututturen kara. Su kuma lokacin ɗuminsu da ake iya kwana a waje shine daidai lokacin da amfani ke tsaye a gona, kuma ruwansu bashi da alƙawari.

Bayan Woodstock sai abin ya zama kamar annoba, kowane mai 'yan kuɗi da ya san wani manomi sai ya buga fosta. A Ingila a tsibirin Isle of Wight a Agustan 1970 taron da akayi a Afton ance ya kai mutum dubu 600, ninkin-ba-ninkin mutanen tsibirin gaba ɗaya, da yawa ma kan wani tudu suka hau suna kallo kyauta, shekara na zagayowa majalisar dokokin ƙasar tayi doka ta musamman a 1971 cewa ba'a ƙara tara sama da mutum dubu 5 su kwana a fili a tsibirin sai da lasisi, bikin bai dawo ba sai 2002. A ƙauyen Weeley a 1971 wata ƙungiyar taimakon jama'a ce ta yankin ta shirya ɗan taro don tara kuɗin sadaka, suna sa ran dubu goma sai ga sama da dubu ɗari. A Amurka kuma na 1972 da ake kira Bull Island shine ƙarshen rashin kai, kotu ta hana su inda suka fara niyya a Indiana, sai suka gano wani fili da kogin Wabash ya canza hanya ya bar shi a ɓangaren Indiana alhali a takarda na Illinois ne, wato dai inda hukuma zata yi ta jayayyar na waye, suna jiran dubu 55 sama da dubu 200 suka zo, abinci ya yanke aka wawashe motocin kaya, aka taɓa shanun mai filin, daga ƙarshe aka cinna wa dandamalin wuta. Har Ostireliya anyi, bikin Sunbury a gonar wani manomi kusa da Melbourne daga 1972 zuwa 1975, ruwan sama da asara suka kashe shi a shekara ta huɗu.

Haka suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Doka ta ce sai ka nuna bayi nawa ka tanada, ruwa lita nawa, likita, hanyar motar asibiti, inshora, ajiyar kuɗin share fili, kuma gaskiya dokar bata yi laifi ba. Ƙaramin mai shiri da ke da fosta da janareta kawai ba zai iya ba, sai manyan kamfanoni suka karɓe harkar suka mayar da ita filayen ƙwallo da na tseren mota inda akwai ƙofa da katanga. Manoma kuma labari ya zaga, kowa ya ji yadda ta kaya da wane.

Amma akwai guda ɗaya da bai mutu ba, kuma shine dalilin wasiƙar nan tawa in ka bi ta a hankali. Wani manomi a ƙauyen Pilton da ke yankin Somerset a Ingila, Michael Eavis, an haife shi 1935, yana aikin jirgin ruwa babansa ya rasu a 1954 ya dawo gida yana ɗan shekara 19 ya gaji gona eka 150 da shanu 60, gonar ana ce mata Worthy Farm. A 1970 ya je kallon wani babban casu nan kusa da su, abin ya burge shi, ya dawo yace shima zai yi a gonarsa. Bai ba kowa haya ba, shi da kansa ya shirya. Ranar 19 ga Satumba 1970, washegarin rasuwar Hendrix, mutum 1,500 suka zo, kuɗin shiga fam 1 kuma harda madara kyauta daga shanun gidan. Ƙungiyar da aka yi talla da sunanta ma, The Kinks, bata zo ba sai wasu aka samo suka maye. Asara ya tafka, da kuɗin madara ya riƙa rage bashin kaɗan-kaɗan. Wannan ɗan taron ƙauyen shine Glastonbury na yau da ke tara mutum wajen dubu 200, tikitin 2025 ya haura fam 370 kuma cikin ƙasa da awa guda yake ƙarewa.

Abinda ya ja hankalina ba yawan mutanen bane, shanun ne, don har gobe ana tatsar madara a gonar nan, a 2014 ma garken ya ci kofin zinare na masu kiwon shanun madara na ƙasar. Dubi yadda mai gona ke tunani in shi ke riƙe da ƙofa. Babban dandamalinsu siffar dala gare shi, kamar dalar gyaɗar Kano ta da, to wanda suka gina a 1981 da falwayoyin waya da kwanon rufi, in biki ya wuce shine garejin shanu da rumbun abincinsu duk hunturu, har zuwa 1994 da gobara ta cinye shi. Wato lokacin da Fela Kuti ya je ya yi wasa a Glastonbury a 1984 a kan ɗakin shanu ya tsaya shi da 'yan amshinsa, wannan ban ga an taɓa rubutawa a jaridunmu ba. Sannan duk bayan 'yan shekaru sai suce bana ba biki, a bar gona ta huta, abinda mu muke kira saura. Sun yi haka a 2006 da 2012 da 2018, kuma 2026 ma sun ce hutu ne. Ka duba miliyoyin fam ɗin da ake bari a shekara guda don ciyawa ta farfaɗo, mutanen ƙauye su samu barci. Wane ɗan haya ne zai yi maka haka?

Kafin biki ana kwashe shanun daga filayen, bayan an watse kuma makonni ake yi ana tsince shara, harda jan mayen ƙarfe a bayan tarakta yana zuƙo turakun tanti da ƙusoshi da duk wani ƙarfen da aka yasar, don saniya bata tantance abinda take haɗiya, in ƙarfe ya shiga tumbinta yana iya hudawa har ya taɓa zuciya. Mu nan da muke ganin abinda mahauta ke cirowa na leda daga cikin dabba mun san zancen. A 2019 suka hana sayar da ruwan roba a wajen gaba ɗaya.

Ba wai shi Eavis ɗin waliyyi bane ko komai ya tafi masa daidai. A 1990 anyi tarzoma tsakanin masu gadi da wasu matafiya masu zama a motoci, 1991 ba'a yi ba. A 2000 masu tsallake shinge suka cika wajen har ya wuce adadin da lasisi ya yarda, aka ci shi tara, 2001 ba'a yi ba, sai a 2002 da aka zagaye wajen da wata doguwar katangar ƙarfe ta wajen fam miliyan guda, wadda ita ce ta raba bikin da talakan da bashi da kuɗin tikiti, kuma daga nan ne a ganina ya tashi daga casun ƙauye ya zama kamfani. A 2014 tankin ƙazantar bayi ya yoyo cikin rafin Whitelake kifi suka mutu, kotu ta ci su tarar fam dubu 12 a 2016 ga kuɗin shari'a fam dubu 19. Mutanen Pilton kuma shekara da shekaru wasunsu na adawa da shi, ƙara da cunkoso da ɓarayi da masu tsuguno a bayan gidan mutane.

Bambancin dai shi ba inda zai je. Ranar Litinin in kowa ya naɗe tantinsa shi yana nan, ranar Lahadi zai shiga cocin Methodist ɗin ƙauyen ya zauna kusa da wanda bai yi barci ba kwana biyar saboda shi, lasisi kuma gaban hukumar yankin zai je ya nema da ƙafarsa. Mai ɗaki shi yasan inda yake masa yoyo. Shi yasa ya riƙa biyan maƙwabta hayar filayensu maimakon a tattake musu a banza, 'yan ƙauyen ana basu tikiti, duk shekara ana yi musu ɗan nasu casun na godiya, ya bada fili aka gina gidaje gommai masu sauƙin haya don 'ya'yan yankin, ya gyara tsohon rumbun ƙauyen mai ɗaruruwan shekaru, ga abinda ake ba ƙungiyoyin agaji da kare muhalli irin su Oxfam da WaterAid da Greenpeace. Yanzu 'yarsa Emily ce ke riƙe da harkar, shi kuma an bashi sarautar Sir a 2024. Yasgur mutumin kirki ne, wataƙila ma ya fi shi zuciya, amma ya miƙa mabuɗin gonarsa ga mutanen da basu da saniya ko ɗaya a garin kuma ba zasu kwana a cikinsa ranar Talata ba.

Abin na taɓa ni ne don na gani da idona a ɗan ƙaramin mizani. Ƙanina na da gonar gyaɗa a bakin titi jikin wani fili, wata shekara aka zo taron siyasa cikin damina, ba wanda ya tambaye shi, motoci da babura suka yi fakin a kan kunyoyi tun hantsi har la'asar ga ƙasa a jiƙe. Da ya je ya yi magana huluna biyu aka bashi da Allah Ya baka haƙuri. Wannan gefen gonar sai da ya shekara biyu yana bashi haushi, in ka tsaya daga nesa kana iya nuna daidai inda tayoyi suka bi. Taron yini ɗaya kenan na 'yan ɗaruruwan mutane, to ka auna na kwana uku da dubu ɗari huɗu.

Don haka ranka ya daɗe roƙona ɗaya ne, in Allah Ya kaimu wani Agustan kuka tashi sake waiwayar wannan tarihin, a raba shafin biyu, rabi na masu jita rabi na masu shanu, a sa sunan Max Yasgur da shekarar da ya sayar da gonarsa. In kuma hoto zaku sa na Glastonbury, don Allah a bar na fitilu da hayaƙin nan da kowa ya gani, akwai wanda ake ɗauka da hunturu, ƙwarangwal ɗin dalar a tsaye ba rufi ba kowa, shanu baƙi-da-fari na kiwo a gabansa. Shi nake so in yanke in nuna wa ƙanin nawa.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Tsohon malamin gona, daga Funtuwa